Yadda Gem Ya Dawo Hannun Iyaye

A gidaje da dama yau, in an gama cin abincin dare, za ka tarar da maigida ya kishingiɗa yana buga ludo a waya. Ranar Asabar kuma ya zauna gaban talabijin da ɗansa su kara a ƙwallo, a ci shi, ya ce a sake. Uwargida na gefe tana jera alewa uku-uku a Candy Crush kafin barci ya ɗauke ta. Ba neman gwaninta suke yi ba, yau su taɓa wannan gobe su taɓa wancan. Wasu na ganin hakan zubar da girma ne, amma tarihin abin bai goyi bayansu ba. Manya aka fara yi wa gem, daga baya 'yan kasuwa suka miƙa shi ga yara.

A 1972 kamfanin Atari na Nolan Bushnell ya fito da Pong, sanduna biyu da ɗigon ƙwallo da ke kaiwa da komowa a allo. Na'urar farko a wata mashaya aka ajiye ta a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, wurin da ba na yara ba ne. A shekarar ce kuma aka fara sayar da Magnavox Odyssey na Ralph Baer, wanda ake jonawa da talabijin ɗin falo. Ko Pac-Man na 1980, mai ƙirƙirarsa Toru Iwatani na kamfanin Namco a Japan ya yi shi ne da niyyar jawo mata, domin ɗakunan wasa na lokacin sun cika da maza masu harbe-harbe.

Abin ya juya ne bayan 1983, shekarar da kasuwar gem ta rushe a Amurka. An cika shaguna da tarkacen wasanni marasa inganci, masu saye suka ja baya, har Atari ya binne ɗimbin kaset a juji a garin Alamogordo. Masu shaguna suka daina karɓar kayan. To sai ga Nintendo, tsohon kamfanin Kyoto da ya fara da buga karta tun 1889. A gida Japan ya kira na'urarsa Famicom, wato kwamfutar iyali. Da zai shiga Amurka a 1985 sai ya sauya mata riga, ya haɗa ta da ɗan mutum-mutumi, ya tallata ta a matsayin kayan wasan yara. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Tallace-tallace suka koma kan yara maza, aka yi shekaru a haka, har duniya ta manta da wanda ya fara riƙe abin. Da majalisar dattawan Amurka ta zauna a 1993 kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, aka kafa hukumar ESRB a 1994 mai rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa, sai aikin iyaye ya zama gadi kawai.

Amma manya ba su taɓa bari ba, sun dai yi shiru ne. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya rubuta a Mosko a 1984, ya kama manya kamar yadda ya kama yara, musamman da ya hau Game Boy a 1989. A 1990 Microsoft ya saka kartar Solitaire a cikin Windows don mutane su saba da sarrafa kwamfuta, kuma duk wanda ya yi aikin ofis a shekarun nan ya san awa nawa ta cinye. Sai maciji na Nokia, wanda ya fara fitowa a 1997. Da wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, shi ne gem na farko da mutane da yawa suka taɓa: babban yatsa na yawo tsakanin lamba 2 da 4 da 6 da 8, maciji na ƙara tsawo, ɗan kasuwa na zaune a rumfa yana jiran mai saye.

A ganina babban dalilin ma ya fi wannan sauƙi: yaran ne suka girma. Samarin da suka cika gidajen gem na Kano da Kaduna da Jos a zamanin PlayStation 2, ana biyan kuɗi wasa-wasa, janareto na ruri a waje, wanda aka ci ya tashi ya ba na layi wuri, su ne yau masu shekara arba'in da 'ya'ya huɗu. Ba su da lokacin kwana a kan wasa ɗaya, amma hannu bai manta ba.

Kamfanoni sun lura. Wii na Nintendo da ya fito a 2006, wanda ake kaɗa hannu da shi kamar ana wasan tanis na gaske, an sayar da fiye da miliyan 100. Wayar zamani ta ƙarasa aikin: Angry Birds daga Finland a 2009, Candy Crush Saga a 2012, Ludo King daga Indiya a 2016, wanda ya bazu sosai lokacin kullen korona a 2020. Duk an gina su ne a kan 'yan mintuna, daidai jiran layin banki ko nunar shinkafa. Wannan kuma ba zubar da girma ba ne: kakanninmu da ke zaman dara a gindin bishiya bayan la'asar ba su rasa girmansu ba don haka.

Inda nake da damuwa shi ne wasannin da ake cewa kyauta ne. Candy Crush kan ba ka rai biyar, in sun ƙare ko ka jira ko ka biya, wasu kuma cike suke da talla, har da ta caca. Uban da bai taɓa riƙe abin ba ba zai san wannan ba, sai dai ya hana gaba ɗaya ko ya sake gaba ɗaya. Don haka in ɗanka ya miƙo maka waya ya ce, “Baba, gwada ka gani,” ka karɓa ka buga, ka duba abin da ke fitowa a allon, sannan ka yanke masa lokaci.