Daga Fijon Kaduna Zuwa Beljiyam: Wa Ke Sayen Motar Gida?

Duk wanda ya leƙa tashoshin motar Lafiya a yau, ko masu lodin Makurɗi ko na Akwanga da Jos, abin da zai gani shi ne Sharon da Sienna da Golf da Corolla. Kusan dukkansu sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Yaranmu na ganin kamar haka aka saba. Ai kuwa manyanmu sun san lokacin da motar da ta mamaye waɗannan hanyoyi a Kaduna ake haɗa ta.

Labarin ya faro ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. Gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun haɗa motoci guda 6: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, sai na Fiat a Kano. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri, wanda ake kira PAN, ya fara fitar da motoci a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji. Daga nan Fijo ta zama 'yar gida, kamfanin yana fitar da dubun dubatar motoci a shekara.

To, wa ke sayensu? Babban mai saye gwamnati ce. A zamanin mulkin soja na Obasanjo aka mai da 504 motar manyan jami'ai, har shi shugaban ƙasa. Na biyu ma'aikata, domin a lokacin ana ba ma'aikacin da ya kai wani mataki bashin mota, ana cirewa a albashi. Ga naira da ƙarfi: a 1980 ta fi dalar Amurka daraja.

Mu mutanen unguwa, fatake da direbobi da dillalan doya, ba kasafai muke sayen sabuwa dal ba. Jira muke ma'aikaci ya gaji da tasa ya sayar, ko ma'aikata ta yi gwanjo. Ta wannan hanya 504 mai dogon baya ta shiga haya tsakanin Lafiya da Jos, lokacin muna cikin Jihar Filato. Ta haka kuma a-kori-kura ta riƙa kwaso doya da riɗi da agushi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Mota ce mai jure gargada, kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a Panteka ta Kaduna da shagunan garin nan. Matasa da dama sun koyi kanikanci da fenti da walda a jikinta, sun yi aure, sun gina gida.

Abin ya fara lalacewa ne da faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980. Yawancin sassan motar daga Faransa ake kawo su, kuɗin waje kuma ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi. Sai ƙofa ta buɗe wa motocin hannu, waɗanda Yarbawa ke kira tokumbo, mu kuma muke cewa Beljiyam. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta zama kasuwarmu. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama hedikwata, sabbin ma'aikata sun cika gari, amma yawancinsu Beljiyam suka iya saya.

Duk da haka Fijo ba ta mutu nan take ba, domin gwamnati ta ci gaba da saye. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, shekaru kusan 20 bayan Faransa ta daina yin ƙaramar. Amma a 2003 aka kawo tsarin mai da alawus kuɗi, gwamnati ta rage sayen motocin jami'ai. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors, daga baya bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi.

An yi yunƙurin farfaɗo da harkar. A 2010 aka buɗe masana'antar Innoson a Nnewi. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da manufar motoci ta ƙasa, ta ƙara harajin shigo da su. A farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Masu sayen waɗannan dai su ne na da: sojoji, hukumomi, wasu gwamnatocin jihohi da manyan kamfanoni. Su ma ba kullum ba. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce da 'yan majalisar tarayya suka zaɓi manyan motocin waje masu tsada.

Saboda haka in an ce ba ma kishin kayan gida, ba a yi mana adalci ba. Direban da ya ci bashi ya sayi motar haya tambaya biyu yake yi: nawa ce, kuma in ta lalace a hanyar Doma, zan samu kayanta a Lafiya? Iya kuɗinka, iya shagalinka. Fijo ta amsa waɗannan tambayoyi a zamaninta, shi ya sa muka riƙe ta.

Yanzu da naira ta ƙara faɗuwa tun 2023, Beljiyam ɗin ma ta gagari talaka, mun koma sayen wadda aka gama mora a nan gida. Motar gida za ta dawo tasharmu ne in masu iko sun saye ta sabuwa, bankuna sun ba da bashi mai sauƙi, kayan gyara sun wadata. Wannan ita ce tambayar da ya kamata mu yi wa wakilanmu in sun zo neman ƙuri'a: motar da ka shigo da ita unguwar nan, ina aka haɗa ta?