Hukumar Raya Tafkin Chadi

An kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu, 1964, a birnin Fort Lamy, wanda yanzu ake kira Njamena. Ƙasashe huɗu ne suka rattaba hannu: Kamaru ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, Nijar ƙarƙashin Diori Hamani, Chadi ƙarƙashin Tombalbaye, da Najeriya a zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Afirka ta Tsakiya ta shigo a shekarun 1990, Libiya kuma a 2008. Hedikwatar tana Njamena har yau.

A lokacin tafkin ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000. Yarjejeniyar ta wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da 'yan uwanta kafin ta fara aikin da zai taɓa ruwan. Nan ne aka fi yin sakaci, kuma abin takaici ne. Najeriya ta gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan da ke sauka fadamar Haɗejiya da Nguru zuwa kogin Yobe ya ragu. Kamaru ta datse ambaliyar kogin Logon da dam ɗin Maga a 1979, makiyayar da shanu ke kiwo da rani ta bushe. Duk da haka, fari ne babban dalilin raguwar tafkin, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin daga Shari da Logon yake zuwa. Farin 1973 ya raba tafkin gida biyu, na tsakiyar shekarun 1980 kuma ya mayar da shi ƙasa da murabba'in kilomita 2,000.

Ruwa na ja, mutane na binsa. Masunta Hausawa da Barebari da Buduma suka riƙa tura kwale-kwale cikin ciyayi, suna kafa bukkoki a sababbin tsibirai, suna kyafa banda a kan tarago ana lodinta a Baga zuwa kasuwannin kudu. Manoma suka shuka masara da wake a laimar da ruwa ya bari, ba wanda ya tambayi ina iyaka take. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza a kan tsibirai. Hukumar ce ta ɗauki nauyin shata iyaka a cikin tafkin daga 1988 zuwa 1990, kuma Kotun Duniya ta yi la'akari da aikin a hukuncinta na 2002 kan iyakar Kamaru da Najeriya, wanda ya tabbatar wa Kamaru garin Darak. Wannan aiki ya cancanci yabo.

A 2012 shugabannin ƙasashen hukumar suka amince da Kundin Ruwa na tafkin, mai tsara rabon ruwa da kare muhalli da musayar bayanai kan ambaliya da fari. Sai rikicin Boko Haram ya janye hankali, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin ta koma aiki ƙarƙashin inuwar hukumar a 2015.

Tsohon shirin Transaqua, na haƙa mashigi mai tsawon kusan kilomita 2,400 don janyo ruwa daga rassan kogin Kongo zuwa tafkin, ya sake samun goyon baya a taron Abuja na Fabrairun 2018. 'Yan siyasar Kongo da dama sun ƙi, kuma ba a fara haƙa ba. Daminar 2022 da ta 2024 kuwa ambaliya suka kawo, har dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya cinye unguwannin Maiduguri cikin dare.