Tafiyar Makka A Ƙafa: Abin Da Kakanninmu Suka Gani A Hanyar Gabas

A shafinmu na tarihi na wannan karon za mu waiwayi doguwar tafiyar da Hausawa suka fi shahara da ita, wato takawa daga ƙasar Hausa zuwa Makka. Yau alhaji na tashi daga Kano ya sauka Jidda cikin sa'o'i kaɗan. A da kuwa, mutum kan raba gado, ya nemi gafarar dangi, sannan ya ɗau sanda, domin ba shi da tabbacin dawowa.

Hanyar ta fi kilomita 3,000. Daga Kano a bi ta Borno, a haye kogi da kwalekwale a Kusuri, a shiga Fort Lamy, wadda aka mayar da sunanta Njamena a 1973. Daga nan sai Ati da Abeshe a ƙasar Wadai, a tsallaka Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Ubayyid, a gangara Kogin Nilu, a ƙare a Sawakin ko Fot Sudan a bakin Bahar Maliya.

Duk wanda zai taka irin wannan nisa, kayansa ne abokin gabarsa na farko. Saboda haka matafiyi ba ya wuce abin da kai da kafaɗa za su ɗauka: buzu ko tabarma, buta, salkar ruwa, gafaka mai ɗauke da Alƙur'ani, sai ɗan garin gero da ƙuli-ƙuli. Guzurin nan ba ya kai mutum ko Borno. Abin da ke kai shi gaba shi ne sana'ar hannunsa. Wanzami ya yi aski, baduku ya gyara takalma, malami ya buɗe makarantar allo, mata su soya ƙosai, marar sana'a ya yi ƙodago ko ga-ruwa. In an tara na hanya sai a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar da za a iya takawa cikin watanni take cin shekaru, har a haifi 'ya'ya a hanya su yi wayo ba a kai ba.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Da damina, baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi kan zama taɓo mai kama ƙafa, rafukan Wadai da Darfur su cika, dole a yada zango a yi noma. Da bazara kuma rijiyoyi su ƙafe, rairayi ya yi zafin da ƙafa ke faso. Ga zazzaɓi, ga agana, ga kurkunu daga ruwan kududdufi. Ga kuma 'yan fashi, waɗanda suka sa ba a tafiya sai cikin ayari. Mafi muni shi ne masu cinikin mutane: an sayar da wasu matafiya, musamman yara, a Hijaz, inda ba a haramta bauta a hukumance ba sai a 1962.

Zuwan Turawa ya ƙara cika hanyar. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, alhazan hanya suka samu aikin tsinkar auduga. Da yawa sun tsaya neman kuɗin jirgin ruwa, sai ga shi sun tsufa a nan. Jikokinsu na cikin Hausawan Sudan na yau.

Mota ta rage takawa, amma ta zo da nata wahalar. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid a 1912, daga baya manyan motocin kaya suka fara bin hanyar Chadi. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya roƙi direba ya ɗora shi bisa buhuna, ya biya abin da ya sawwaƙa ko ya yi aikin yaron mota, in ta kafe a rairayi ya sauko a tura. Inda direba ya ƙare tafiyarsa, nan fasinja zai koma ga sandarsa. A 1948 Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda unguwar Wapa ta Kano ta samo sunanta daga gare shi. Bayan haka jirgin sama ya karɓe aikin, hanyar ƙafa ta mutu a hankali.

In muka duba da kyau, abin da ya raya waɗannan matafiya shi ne zango. A kowane babban gari akwai Hausawan da suka riga su isa, da mai masaukin da zai ba baƙo rumfa, ya nuna masa inda ake samun aiki, ya haɗa shi da ayarin gaba, in ya rasu a yi masa sutura. Haka Sabo da zangon da muke zaune cikinsu a Kudu suka kafu.

Har yanzu muna ganin samarinmu na saukowa daga saman tirelar shanu ko ta albasa, jaka a baya, ba adireshi, ba sana'a, wasu ma hatsari ke cinye su a hanya. Kakanninmu ba sa fita sai da sana'a a hannu da sunan wanda za su sauka wurinsa. Mu gaya wa na gida haka kafin su taso, waɗanda suka iso kuma mu karɓe su kamar yadda aka karɓi namu a Abeshe da Fashir.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kai matafiya lafiya.