Maganin Ƙarin Jini: Daga Ƙwayar Blaud zuwa Kwalbar Kemis

Cikin koke-koken da ake kai wa likita, da wuya a sami wanda ya kai gajiya yawa. Mutum zai zauna ya ce jikinsa ya mutu, ko ya yi barci ba ya wartsakewa, in ya ɗan hau tudu sai haki, kuma tun kafin ya gama bayani ya san abin da yake so a rubuta masa: maganin ƙarin jini. Al'adar neman ƙarfin jiki a takardar likita ta haura shekara 300 a Turai, mu kuma ta iso mana ta asibiti da kemis. Tarihinta ya nuna cewa maganin na gaskiya ne, yana aiki ƙwarai, amma ga wanda jikinsa ya rasa abin da ke cikinsa. Duk zamanin da aka ɗauki gajiya kaɗai hujjar shan sa, 'yan kasuwa ne suka ci riba, mai gajiya kuwa ya tashi a tutar babu.

A 1554 wani likitan Jamus, Johannes Lange, ya siffanta wata cuta da ke kama 'yan mata: fata ta ɗashe, zuciya ta riƙa bugawa, numfashi ya gajarce, abinci ya fita a rai. Maganin da ya bayar shi ne a yi musu aure. Sai a 1681 Thomas Sydenham na Ingila ya rubuta cewa garin ƙarfe da aka jiƙa a giya yana dawo wa masu wannan cuta da launinsu da kuzarinsu. Ya ga aikin maganin da idonsa, dalilin aikin ne bai sani ba, domin sai a 1713 Lemery da Geoffroy suka gano a Faransa cewa akwai sinadarin ƙarfe a tokar jini. A 1832 Pierre Blaud, likita a garin Beaucaire da ke kudancin Faransa, ya fito da ƙwayar da ta ɗauki sunansa, wadda likitoci suka yi ta rubutawa har cikin ƙarni na 20. Ƙwayar da ake ba mata a wurin awon ciki yau jikanyar wannan ce.

Duk da haka maganin bai zauna da gindinsa ba, saboda ana ba da shi ne da ƙiyasi. Wanda ƙarancin ƙarfe ke damunsa ya sha ya warke, wanda wata cuta ce ke cin sa ya sha a banza, kuma ba wanda zai iya bambance su. A ƙarshen ƙarni na 19 wani mashahurin masani a Basel, Gustav von Bunge, ya dage cewa hanji ba ya tsotsar irin ƙarfen da ke cikin ƙwaya, likitoci da yawa kuma suka bi shi, suka rage yawan abin da suke bayarwa ko suka daina. Abin da ya raba gardama shi ne awo. William Gowers ya ƙera na'urar auna ƙarfin jini a Landan a 1878, Hermann Sahli ya inganta ta a Bern a 1902, daga nan likita ya sami damar auna jini kafin magani da bayansa. Da irin wannan awo Helen Mackay ta nuna a shekarun 1920 cewa jariran unguwannin talakawan gabashin Landan suna fama da ƙarancin jini, kuma ƙarfe yana gyara shi. A 1932 Heath da Strauss da Castle suka tabbatar a Boston cewa ƙarfen da aka ba majiyyaci yana shiga ginin jininsa. Daga ranar da awo ya shigo ne takardar likita ta fara fin shawarar maƙwabci.

Awon ya kuma tona wani abu da har yau mutane ba sa son ji, wato ƙarancin jini iri-iri ne. A 1926 George Minot da William Murphy suka ceto masu wani nau'insa mai kisa ta hanyar ciyar da su hanta mai yawa kullum, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Sinadarin da ke cikin hantar, bitamin B12, sai a 1948 aka ware shi. Lucy Wills kuma ta je Bombay a 1928 don binciken wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, musamman talakawa ma'aikatan masaƙu. Ƙarfe bai yi musu komai ba. Abin da ya tashe su shi ne Marmite, wani abin shafa wa burodi mai arha da ake yi da yis, kuma wannan bincike ne ya share hanyar gano folik asid, wanda aka ware daga ganyen alayyahu a 1941. Ga rashi uku daban-daban, kowanne da maganinsa, alhali duk masu su abu ɗaya za su faɗa wa likita: na gaji.

'Yan kasuwa sun fahimci wannan, sun kuma yi kamar ba su fahimta ba. A shekarun 1950 wani ruwan magani mai suna Geritol ya cika talabijin a Amurka da tallar cewa mai kasala jininsa ne ya gaji. Hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta yi shekaru tana shari'a da kamfanin, hujjarta kuwa ita ce mafi yawan masu gajiya ba ƙarancin ƙarfe ke damun su ba, don haka maganin ba zai amfane su ba. A 1973 kotu ta yanke tarar dala 812,000. Duk wanda ya saurari yadda ake tallar maganin ƙarin jini da na ƙarfin jiki a tashar mota ko a rediyo zai ga dabarar ba ta mutu ba: a lissafa alamomin da kowane ɗan adam yake ji, kasala da jiri da ciwon gaɓoɓi, sannan a ɗaga kwalba.

Wani zai ce ai maganin ba shi da tsada, gwaji ne mai tsada, kuma in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Rabin farkon maganar gaskiya ne, kuma bai kamata mai hali ya raina ta ba, domin akwai wanda kuɗin gwaji shi ne cefanen gidansa na yini. Rabin ƙarshen ne tarihi ya ƙaryata. A tsibirin Pemba na Zanzibar, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu a lokacin, an gwada ba yara ƙarfe da folik asid a wani bincike da ya ƙunshi yara sama da 24,000. Dole aka dakatar da bayarwar, saboda waɗanda suka sha sun fi kwanciya a asibiti ko mutuwa, kamar yadda aka wallafa a 2006. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini ƙarfe taruwa yake yi a jikinsa, ƙara masa wani illa ce. Sai kuma asarar lokaci, wadda ta fi kowacce ciwo: magidancin da jininsa ke tsiyaya a ɓoye ta gyambon ciki ko dajin hanji, ko mai ciwon suga, ko mai tarin fuka, zai iya shafe watanni yana shan kwalba bayan kwalba. Mai ɗura ruwa a tulun da ya tsage gara ya fara neman tsagar. A Zariya, binciken Alan Fleming da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1980 ya nuna cewa kare masu cikin fari daga zazzaɓin cizon sauro babban ginshiƙi ne na hana musu ƙarancin jini, tare da ƙarfe da folik asid. Ƙwayoyin da ake raba wa masu ciki ba tare da jiran su koka ba ba su saɓa wa wannan hujja ba, domin awon dubban mata ne ya tabbatar cewa buƙatarsu ta ƙaru.

Akwai ƙalubale na biyu da ya fi wannan ƙarfi. Wasu gwaji yana nuna jininsu ya isa, amma suna shan ƙarfe sai su ji sauƙi, kuma ba duka ne za a ce zato ba. Likitocin iyali a yankin Lausanne na Suwizalan sun gwada wannan a kan mata 144 masu gajiyar da ba a san dalilinta ba, aka wallafa sakamakon a 2003. Ƙarfen ya rage musu gajiya fiye da ƙwayar da ba komai a cikinta, sai dai amfanin ya tsaya ne a kan waɗanda ajiyar ƙarfen jikinsu ta yi ƙasa, abin da ake ganewa da gwajin feritin. Mai ƙorafin yana da gaskiya cewa awon jini na yau da kullum ba ya kama kowa, amma abin da binciken ya nema shi ne awo mai zurfi. Inda ba a iya yin feritin, kamar yawancin ƙananan asibitocin karkara, likita bai rasa abin yi ba: zai duba cikin fatar ido da tafin hannu, ya tambayi mace yawan jinin al'adarta da tazarar haihuwarta, ya tambayi launin bayan gida da abin da ake ci, ya sa a gwada zazzaɓi da tsutsar ciki, sannan ya sanya ranar da za a dawo a sake awo bayan an sha maganin na wasu makonni.