Yadda Amurka Ta Koyi Sa Wa Ɗan Sakandare Farashi a Wasan Besbol

A damunar 1935 wani mutum mai suna Cy Slapnicka, wanda ke nemo wa ƙungiyar Cleveland 'yan wasa, ya je jihar Iowa domin ya ga wani yaro ɗan manomi daga ƙauyen Van Meter da labarinsa ya fara yawo. Yaron yana da shekara 16, kuma mahaifinsa ya share wani ɓangare na gonarsa ya mai da shi filin wasa saboda shi. Slapnicka ya ga jifa kaɗan ya gamsu. Abin da ya bayar kafin a sa hannu a takarda shi ne dala ɗaya da ƙwallo guda mai ɗauke da sa hannun 'yan wasan Cleveland. A watan Agustan 1936 yaron nan, Bob Feller, ya fara wasansa na farko a matsayin babban mai jifa, ya kori masu duka 15 na ƙungiyar St. Louis Browns. Da kakar ta ƙare ya koma ƙauye ya ƙarasa sakandare.

Ga wanda bai saba da besbol ba, ƙashin bayan wasan karo ne tsakanin mutum biyu. Ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri daga tazarar da ta ɗan haura mita 18, ɗayan yana riƙe da sanda yana neman ya doke ta ya ruga zuwa tasha ta farko cikin huɗun da ke filin. Jifar gwani tana wuce gudun kilomita 150 a awa, saboda haka mai duka ba shi da ko rabin daƙiƙa na yanke shawara. Wannan ne ya sa besbol ya bambanta da yawancin wasanni wajen renon matasa. Yaron da ya gagari kowa a sakandare kan yi shekara huɗu ko biyar a ƙananan ƙungiyoyi kafin ya taka babban fili, kuma mafi yawansu ba sa takawa. Aikin mai farautar 'yan wasa ke nan: ya dubi ɗan shekara 17 ya faɗi yadda zai zama a 25, kamar dillalin dawaki da ke duba ƙafafun ɗan dukushi yana sa kuɗin ingarman da bai riga ya zama ba.

Sana'ar ta kafu ne da gaske a shekarun 1920, lokacin da Branch Rickey na St. Louis Cardinals ya gane cewa ƙungiyarsa ba za ta iya gogayya da attajiran New York wajen sayen 'yan wasan da suka riga suka nuna ba. Sai ya fara mallakar ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban, yana tara yara da yawa da araha yana renonsu, da fatan cikin tarin za a sami 'yan kaɗan na ƙwarai. Wannan tsari yana buƙatar idanu a ko'ina. Ƙungiyoyi suka baza mutane a motoci, kowa da yankinsa, kowa kuma da 'yan rahotonsa na gari: malamin makaranta, wanzami, tsohon ɗan wasa, waɗanda za su yi masa waya su ce ga wani yaro.

A wancan zamani gani kaɗai ba ya isa. Dole mafarauci ya iya ɓoye abin da ya gani, ya kuma iya zama a ɗakin girkin iyaye yana shan gahawa har su amince da shi. Tom Greenwade na New York Yankees ya fara ganin Mickey Mantle a 1948 a garin Baxter Springs na jihar Kansas, yaron yana buga wa wata ƙungiyar matasa. Doka ta hana a ɗauki ɗalibi kafin ya gama sakandare, don haka Greenwade ya jira. Ranar da Mantle ya gama makaranta a garin Commerce na Oklahoma a 1949, ya dawo ya daidaita da mahaifinsa, ma'aikacin haƙar ma'adinai, a kan kuɗin da duka-duka bai wuce dala 1,500 ba. Mantle ya zama tauraron Yankees na kusan shekara ashirin. Ana ba da labarin a matsayin bajintar Greenwade, kuma bajinta ce, amma a ciki akwai talakan uba da bai san darajar abin da ke hannunsa ba, kuma babu wanda ya zo ya taya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sirrin ya daina ɓoyuwa. Hanyoyi sun gyaru, jaridu sun yawaita, ƙungiyoyi suka fara haɗuwa a ƙofar gida ɗaya. A 1950 Pittsburgh ta ba wani ɗan sakandare daga Kalifoniya, Paul Pettit, dala 100,000. Wasa ɗaya tak ya ci a babbar gasa duk tsawon rayuwarsa. Masu ƙungiyoyi suka tsorata da hannun kansu, suka kafa wata doka wadda mafi tsananin sigarta ta yi aiki daga 1953 zuwa 1957: duk yaron da aka ba fiye da dala 4,000 dole ya zauna a babbar ƙungiya shekara biyu, ba za a tura shi ƙananan ƙungiyoyi ya koyi aiki ba. Nufin shi ne a hukunta mai yawan kashe kuɗi, amma yaran ne suka sha hukuncin, suna zaune a benci a shekarun da ya kamata su yi ta wasa kullum. Al Kaline, wanda Detroit ta ɗauka daga wata sakandare a Baltimore a 1953, ya tsallake wannan tarko har ya zama zakaran duka na gasarsa a 1955 yana da shekara 20. Harmon Killebrew kuwa, wanda wani sanatan jihar Idaho, Herman Welker, ya tsegunta wa mai ƙungiyar Washington labarinsa a 1954, sai a 1959 ya sami gurbi na dindindin. Da yawa daga cikin sa'o'insu sun ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A 1964 Los Angeles Angels ta biya ɗalibin jami'a Rick Reichardt kimanin dala 200,000, kuma daga nan aka ce ya isa. A watan Yunin 1965 ƙungiyoyi 20 suka taru a New York suka yi zaɓen sabbin 'yan wasa na farko, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kaye suke fara ɗauka, sauran su bi layi, zagaye bayan zagaye. Kansas City Athletics ta ɗauki Rick Monday na Jami'ar Jihar Arizona, ta ba shi dala 104,000, wajen rabin abin da Reichardt ya samu shekara guda kafin nan. Yaron da aka zaɓa ƙungiya ɗaya kawai zai iya yin ciniki da ita, kuma abin da aka nufa ke nan tun farko.

Wannan rana ta sauya sana'ar daga tushe. Mafarauci ba ya iya kama abin da ya gano. Yana iya bin yaro shekara uku, ya san iyayensa da limamin cocinsu, sannan wata ƙungiya ta ɗauke shi minti biyu kafin layi ya zo kansa. Aikinsa ya koma jerawa: wane ne na ɗaya, wane ne na goma, wane ne na ɗari biyu. Kuma zaɓen farko ya nuna irin wuyar jerin. Duk ƙungiyoyin 20 sun tsallake Johnny Bench, yaro daga ƙauyen Binger a Oklahoma, a zagayen farko. Cincinnati ta same shi a lamba 36, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu cafe ƙwallo a tarihin wasan. Red Murff na New York Mets ya daɗe yana bin wani siririn yaro a garin Alvin na Texas, amma ranar da ubangidan Murff ya zo dubawa yaron bai yi abin kirki ba. Sai a zagaye na 12 aka ɗauki yaron, wato Nolan Ryan, wanda ya yi kaka 27 yana jifa, ya kori masu duka 5,714, adadin da babu wanda ya kusanta har yau. Shekara ɗaya bayan haka Mets ɗin suka sami lamba ɗaya, suka ɗauki ɗan sakandare Steve Chilcott suka bar Reggie Jackson, wanda daga baya ya zama babban tauraro. Kafaɗar Chilcott ta lalace a ƙananan ƙungiyoyi, bai taɓa buga babbar gasa ba.

Tunda yanzu dole a kwatanta yaron Florida da na Oregon waɗanda ba mutum ɗaya ya gan su ba, sai aka buƙaci ma'auni ɗaya. Ma'aunin da ya zauna shi ne maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa, 60 sama da matsakaici, 80 kuma abin da ba a gani sai jefi-jefi. Ana auna abubuwa biyar: iya duka, ƙarfin duka, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu. A gaban kowanne ana rubuta lamba biyu, ta yau da ta gobe, kuma a tsakanin lambobin nan biyu ne sunan mafarauci yake tashi ko ya faɗi. Yana da agogo a hannu yana ƙidaya gudun yadi 60, da lokacin da mai duka ke ɗauka ya kai tasha ta farko, wanda matsakaicinsa ya ɗan haura daƙiƙa huɗu. Yana duba faɗin kafaɗa da tsawon ƙafa, yana kallon tsayin mahaifi. Sama da shi akwai mai bita, wanda ke yawo yankuna yana sake kallon waɗanda aka yaba, sannan daraktan da ke yanke hukunci. A tsakiyar shekarun 1970 na'urar auna gudun ƙwallo ta shigo, bayan da kocin Jami'ar Jihar Michigan, Danny Litwhiler, ya ga 'yan sanda suna auna gudun motoci da irinta.

Lissafi bai hana son zuciya ba. A 1973 Texas Rangers, wadda ba ta daɗe da ƙaura daga Washington ba kuma filinta wayam, ta ɗauki David Clyde na wata sakandare a Houston, wanda ya ci wasa 18 ba a doke shi ko sau ɗaya ba a shekararsa ta ƙarshe. Mai ƙungiyar, Bob Short, yana neman 'yan kallo. Ranar 27 ga Yuni, makonni uku bayan wasansa na ƙarshe a makaranta, aka tsayar da Clyde a gaban mutum sama da 35,000, ya kuma ci wasan. An shirya zai yi wasa biyu a tura shi ya koyi sana'a, amma da Short ya ga kuɗin ƙofa sai ya riƙe shi. Hannun Clyde ya gaji, ya bar babbar gasa yana da shekara 24, ya ci wasa 18 an doke shi a 33. Masu duba shi ba su yi kuskure ba. An cinye yaron ne tun bai nuna ba, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata a riƙa tunawa duk lokacin da ake yabon tsarin.

Akwai kuma abin da babu takardar rahoto da ke da gurbinsa. Brien Taylor na North Carolina, wanda Yankees ta ɗauka a lamba ɗaya a 1991 a kan dala miliyan 1.55, yana kan hanya sosai har zuwa Disambar 1993, lokacin da kafaɗarsa ta goce a wani faɗa da ya shiga saboda ɗan'uwansa. Shi ma, kamar Chilcott, bai taɓa buga babbar gasa ba.

A 1992 Houston ce ke da lamba ɗaya. Mafaraucinta na jihar Michigan shi ne Hal Newhouser, tsohon gwanin jifa na Detroit mai shekara 71, wanda ya yi ta tuƙi zuwa Kalamazoo yana zama cikin sanyi domin kallon Derek Jeter. Ya roƙi ƙungiyar ta ɗauke shi. Shugabannin suka ji tsoron yaron zai nemi dala miliyan ɗaya tunda yana da gurbin karatu kyauta a Jami'ar Michigan, sai suka ɗauki ɗalibin jami'a Phil Nevin. Newhouser ya ajiye aikin. Yankees ta ɗauki Jeter a lamba shida a kan dala 800,000, ya ci kofin zakarun babbar gasa sau biyar da su. Wannan gurbin karatu shi ne makamin da ya rage a hannun ɗan sakandare, domin yana iya cewa a'a ya tafi jami'a, shi ya sa sanin farashin da iyali za su karɓa ya zama wani reshe na aikin mafarauci.

Littafin Michael Lewis na 2003, Moneyball, ya ba da labarin yadda Billy Beane na Oakland ya juya wa 'yan sakandare baya a zaɓen 2002, ya dogara da alƙaluman ɗaliban jami'a. Beane yana da dalili na kansa: shi ma ɗan sakandare ne da mafarauta suka yi wa tambari, Mets ta ɗauke shi a zagayen farko a 1980, bai zama abin da aka zata ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, musamman a kan masu jifa. Sai dai zagayen farko na wannan shekarar ya ƙunshi 'yan sakandare irin su Zack Greinke, Prince Fielder, Cole Hamels da Matt Cain, waɗanda duk suka yi suna.

Kafin nan jerin ya riga ya fita daga aljihun ƙungiyoyi ya shiga kasuwa. Mujallar Baseball America, wadda Allan Simpson ya kafa a 1981, ta fara buga jerin matasa domin kowa ya karanta. Kamfanin Perfect Game, wanda ya fara a Iowa a 1995, ya mai da baje kolin yara sana'a: iyaye su biya, yaro ya je ya yi jifa a gaban ɗaruruwan masu na'ura. Wanda iyayensa ba su da kuɗin tafiye-tafiye da masauki kan tsaya a baya, kuma likitoci irin su James Andrews sun daɗe suna gargaɗi a kan yaran da ke jifa da iyakar ƙarfinsu duk shekara har jijiyar gwiwar hannu ta tsinke. A 2014 Houston ta ɗauki Brady Aiken a lamba ɗaya, aka daidaita a kan dala miliyan 6.5, sai hoton asibiti ya sa ƙungiyar ta rage tayin. Cinikin ya watse, a shekara mai bi aka yi masa aikin gwiwar hannu.

Duk da waɗannan idanu, a 2009 Mike Trout na garin Millville a New Jersey ya kai lamba 25 kafin a kira sunansa. Jiharsa mai sanyi ce, kakar wasa gajera ce, ruwan sama ya sha ɓata ranakun da manya suka zo kallo. Greg Morhardt na Angels, wanda ya taɓa wasa tare da mahaifin Trout a ƙananan ƙungiyoyi, shi ne ya dage a kansa, kuma ko Angels ɗin sai da suka fara kiran Randal Grichuk a lamba 24. Trout ya zama gwarzon gasarsa sau uku, a 2014, 2016 da 2019. Daga 2012 an ƙayyade wa kowace ƙungiya jimillar kuɗin da za ta kashe a zaɓe, daga 2021 kuma aka rage zagayen zuwa 20 aka mai da shi watan Yuli, tare da taron gwaji inda ake auna jiki da lafiyar yaran kafin a kira sunaye. A 2022 Baltimore ta ɗauki ɗan sakandare Jackson Holliday daga Oklahoma a lamba ɗaya, ta biya shi dala miliyan 8.19.