Yadda Kallon Wasan Besbol Ya Zama Na Kuɗi A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake kira besbol. Mutum tara ne a kowane gefe. Ɗaya ya jefo ƙwallo, wani daga cikin abokan karawa ya make ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu yana kewaya fili. Galibin manyan birane suna da ƙungiyarsu, mutanen gari kuwa suna ji da ita kamar yadda ake ji da ɗan damben unguwa.

Ran 26 ga Agusta, 1939, aka fara nuna wasan manyan ƙungiyoyi a talabijin, sa'ad da Dodgers ta Buruklin, wani yanki na birnin Niyu Yok, ta kara da Reds. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwatunan talabijin suka yawaita. Kallo kuwa kyauta ne, gama masu tallar kaya su ke biyan tasha. Abin ya dami masu ƙungiyoyi, don suna tsoron wanda ya ga wasa a ɗakinsa ba zai zo ya biya kuɗin ƙofa ba.

A cikin masu wannan damuwa har da Walter O'Malley, mai Dodgers. A 1958 ya ƙaura da ƙungiyarsa zuwa Los Anjalis a jihar Kalifoniya, ƙungiyar Giants kuma ta bar Niyu Yok ta koma San Faransisko. Da isarsa ya hana a nuna wasannin filinsa kyauta. Nufinsa shi ne mai kallo daga gida shi ma ya biya, kamar wanda ya shiga ta ƙofa.

Sai a 1964 aka gwada wannan dabara. Wani kamfani mai suna Subscription Television, wanda Pat Weaver ke shugabanta, ya ja waya zuwa gidajen masu so, ya haɗa wata 'yar na'ura da akwatinsu. Wanda ya murɗa ya kalli wasa, sai a rubuta masa dala ɗaya da rabi. Ran 17 ga Yuli aka fara a Los Anjalis da wasan Dodgers da Cubs, bayan wata guda aka buɗe a San Faransisko.

Masu gidajen silima suka ga abincinsu zai ragu, suka tashi haiƙan. Suka bi mutane suna cewa abin da ake samu kyauta ne za a ƙwace a mai da shi na masu hali. Suka tara sa hannun jama'a har aka kai maganar ga ƙuri'a. A watan Nuwamba na shekaran nan mutanen Kalifoniya suka haramta talabijin na biya da rinjaye mai yawa, kamfanin ya rufe. A 1966 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke dokar, ta ce ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Amma kafin nan aikin gama ya gama, kamfanin ya karye.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, salo ta sake. A 1977 tashar ON TV ta Los Anjalis ta riƙa watsa hoto a hargitse, ba ya daidaita sai a gidan mai biyan kuɗin wata, ta kuma nuna waɗansu wasannin Dodgers. Daga nan biyan wata-wata ya rinjayi biyan kowane wasa.

Abin da ya faru a birnin Shikago ya nuna haɗarin da ke ciki. A 1982 ƙungiyar White Sox ta mai da yawancin wasanninta tashar biya mai suna SportsVision, mutane kaɗan suka shiga. Mai ba da labarin wasanta, Harry Caray, ya riga ya koma wajen kishiyarta Cubs, wadda ake kallo kyauta a tashar WGN. Yara suka tashi suna ganin Cubs kullum, suna sonta, ita kuwa White Sox ta ɓace wa idon yawancin gidaje.

Los Anjalis ma ta ɗanɗana irin wannan. Kamfanin Time Warner Cable ya ɗauki alkawarin biyan Dodgers fiye da dala biliyan 8 cikin shekara 25, aka buɗe tashar SportsNet LA a 2014. Sauran kamfanoni masu kai tashoshi gidaje suka ce kuɗin da ake nema a wurinsu ya yi yawa, suka ƙi ɗauka. Saboda haka gidaje da yawa a birnin suka shekara shida ba su ga wasan ƙungiyarsu ba, sai a 2020 aka shirya da kamfanin DirecTV.

Ƙarshe dai maganar O'Malley ta tabbata, mai kallo daga gida ya zama mai biya, ƙungiyoyi suka sami dukiyar da shi kansa bai taɓa zato ba. Amma masu gidajen silima, ko da yake don kansu suka yi faɗan, ba su yi ƙarya duka ba. Wasan da marar hali da yaro ba su gani, da wuya su so shi, ƙungiya kuwa ba ta daɗewa sai da masoya.