Daga Ƙwallon Ƙarfe Zuwa Jakar Zif: Tarihin Jinya da Matsin Iska

A shekarar 1942, lokacin da Amurka ke neman ƙarfe ido rufe don ƙera kayan yaƙi, ma'aikata suka shiga wani fili a birnin Cleveland, kusa da tafkin Erie, suka fara yanka wani gini da ba shi da na biyu a duniya. Ƙwallo ne na ƙarfe, faɗinsa ya kusa mita 20, da hawa biyar a cikinsa. Asibiti ne da aka gama ginawa a 1928 a kan kuɗi kimanin dala miliyan ɗaya. Magani ɗaya tak ake bayarwa a ciki: iska. Ana rufe ƙofa, a tura iska har matsinta ya fi na waje, majinyata su yi kwanaki suna ci suna barci a cikinta.

Mun fara da wannan ƙwallo ne domin jikarsa tana yawo a wayoyinmu yanzu. Wanda ke leƙa TikTok ko Facebook zai iya cin karo da ita: doguwar jaka mai kama da kumburarriyar katifa, da zif a gefe da 'yar taga, ɗan ƙwallo ko tauraruwar fim na kwance a ciki. Sunanta a talla shi ne jinyar oksijin mai sassauƙan matsi. Ana cewa tana cire gajiya, tana gyara ƙwaƙwalwa, tana maido da ƙuruciya, tana taimakon yaron da bai fara magana ba. Kafin mutum ya cire kuɗinsa, ko ya sa ɗansa a ciki, yana da kyau ya san asalinta, domin tarihin jinya da matsin iska gida biyu ne da ke amsa suna ɗaya, kuma jakar ba daga gidan da ake zato ta fito ba.

Akwai ma'auni guda da za mu riƙe. Nauyin iskar da ke kanmu a bakin teku shi ake kira 1 ATA. Duk nutson mita 10 a ruwa yana ƙara 1. Ɗakunan ƙarfe na asibiti suna aiki ne yawanci tsakanin 2 da 3, majinyaci yana shaƙar oksijin zalla. Jakar zif kuwa tana tsayawa a wajen 1.3, wato kamar mutum ya nutse mita uku.

Gida na farko ya girmi sanin oksijin kansa. A shekarun 1660 wani likita mai suna Nathaniel Henshaw ya rubuta tsarin wani ɗaki da za a riƙa ƙara ko rage iskarsa da zugazugi, yana ganin matsi mai yawa zai yi maganin ciwo mai zafi, kaɗan kuma ya yi na ciwo mai daɗewa. Sai bayan fiye da shekara ɗari, a shekarun 1770, Scheele da Priestley suka gano oksijin. Ke nan tunanin cewa matsattsiyar iska magani ce ya riga hujjarsa zuwa duniya, kuma har yau bai daina riga ta ba.

A shekarun 1830 abin ya zama yayi a Faransa. Junod ya ƙera ɗakinsa a 1834, Pravaz ya gina babba a birnin Lyon, aka sa wa abin suna wankan matsattsiyar iska. Masu hali suka riƙa zuwa kamar yadda suke zuwa wuraren ruwan zafi, don ciwon huhu, kurumta, kwalara da kusan duk abin da ke damun ɗan Adam. Orval Cunningham, likitan sa barci a Kansas City, magajin wannan al'ada ne. A lokacin annobar mura ta 1918 ya lura kamar an fi mutuwa a garuruwan kan tudu inda iska ba ta da kauri, sai ya fara saka majinyata a tanki. Daga nan ya tsallaka zuwa wani ra'ayi da ba shi da tushe, wai ciwon suga da kansa wasu ƙwayoyin cuta ne da ba sa son oksijin ke kawo su. Attajiri Henry Timken ya ba da kuɗin ƙwallon Cleveland. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi ta neman Cunningham ya kawo bayanan majinyatansa a duba, bai kawo abin da ya gamsar ba. Ƙwallon bai cika shekara goma yana aiki ba.

Gida na biyu daga wahalar ma'aikata ya taso. A ƙarni na 19 injiniyoyi suka fara tura iska cikin manyan akwatuna don korar ruwa, leburori su haƙa tushen gada a ƙarƙashin kogi. Idan sun fito sai gaɓoɓi su ƙulle, wasu su shanye, wasu su mutu. An yi asarar rayuka a gadar Eads ta St. Louis, kuma ciwon ya kwantar da Washington Roebling, babban injiniyan gadar Brooklyn, a 1872. Bafaranshe Paul Bert ne ya warware matsalar a littafinsa na 1878: ƙarƙashin matsi iskar naitirojin tana narkewa cikin jini, idan aka saki matsin da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar kwalbar lemon da aka buɗe bayan an girgiza. Shi ne kuma ya nuna cewa oksijin da kansa guba ne idan matsinsa ya yi yawa, yana jawo farfaɗiya. A 1908 Haldane ya fitar da jadawalin yadda mai nutso zai riƙa hawowa daki-daki. Wannan gida da awo da gwaji aka gina shi, da gawarwaki kuma.

Wanda ya kai shi asibitin zamani shi ne Ite Boerema, likitan tiyata a Amsterdam ta ƙasar Holan. A 1956 ya fara aikin zuciya a cikin ɗakin matsi. A 1960 ya buga sakamakon wani gwaji da har yau ake ambato: ya zuƙe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jinin aladu, ya maye su da ruwa, ya ajiye su a 3 ATA suna shaƙar oksijin zalla, suka rayu. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya a cike suke da oksijin, kashi 97 ko 98 cikin ɗari, babu wurin ƙari. Abin da matsi ke yi shi ne narkar da oksijin a cikin ruwan jinin kansa. A iskar yau da kullum kowane mililita 100 na jini yana ɗauke da narkakken oksijin kimanin mililita 0.3 kawai. A 3 ATA da oksijin zalla yakan kai wajen 6, wanda ya ishi jikin da ke hutawa. Daga nan aka tabbatar da amfaninsa a ruɓewar nama mai kumfa, da gubar hayaƙi, da naman da hasken kashe kansa ya lalata, da wasu gyambunan masu ciwon suga, da ciwon masu nutso. Jerin gajere ne, bai kai ashirin ba.

To ina jakar ta shigo? Daga kan duwatsu. A ƙarshen shekarun 1980 Igor Gamow, malami a Jami'ar Colorado, ya ƙirƙiro jakar da ake hurawa da famfon ƙafa don masu hawa tsaunuka irin Himalaya. Wanda ciwon tudu ya kama, idan aka zuge shi a ciki, jikinsa yana ji kamar an sauko da shi mita 1,500 ko fiye. Ƙirƙira ce mai kyau, ta ceci rayuka. Wannan aiki ne kaɗai hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince jakunkunan zif su yi. Amma da jakar ta sauko daga dutse ta shiga gidajen motsa jiki da cibiyoyin gyaran jiki, sai ta ari sunan gidan Boerema, alhali alkawuran da take yi irin na gidan Cunningham ne.

Mu da muke rubuta manhaja ba ma yarda da suna, lambar siga muke dubawa. Bari mu yi lissafin. Oksijin kashi 21 ne na iska. Idan aka matse iskar zuwa 1.3, 21 sau 1.3 ya ba da 27.3. Ma'ana, wanda ke kwance a jakar yana shaƙar iskar ciki daidai yake da wanda ke zaune a gadon asibiti yana shaƙar oksijin kashi 27, abin da 'yar robar hanci ke bayarwa ba tare da wani ɗaki ba. Cibiyoyi da yawa suna ƙara na'urar tace oksijin da takunkumi, kuma hakan yana ɗaga adadin sosai, ba mu musa ba. Sai dai ko da oksijin ɗin zalla ne ba tare da ya gauraya ba, iyakarsa 1.3, kuma kashi 1 daga ciki takunkumin ne ya kawo shi, jakar 0.3 ta ƙara. Asibiti yana ba da 2.4 ko makamancin haka.

Wurin da labarin ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda lambar 1.3 ta shiga rigimar masu bincike. Don a gwada magani ana raba mutane biyu, wasu su sami na gaske wasu na bogi, ba tare da sun sani ba. Matsalar ɗakin matsi ita ce kunne yana tona asiri: idan babu matsi ko kaɗan majinyaci zai gane an yaudare shi. Saboda haka sai masu bincike suka riƙa ba rukunin bogi ɗan matsi, 1.2 ko 1.3, da iska zalla. A 2001 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Kwibek ta Kanada a kan yara 111 masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi tun jarirantaka. Rabi sun sami oksijin a 1.75, rabi iska a 1.3, zama arba'in kowanne. Duka rukunan biyu sun ɗan inganta, kuma babu wanda ya fi wani. Gwaje-gwajen da rundunar sojan Amurka ta yi daga baya a kan sojojin da suka bugu a kai sun ba da irin wannan sakamako.

Yawancin likitoci sun karanta shi a cewa maganin bai yi aiki ba, ingancin daga kulawa ne da fata da wucewar lokaci. Yaron da aka kai wuri sau arba'in, ana lura da shi, iyaye na cike da buri, dole a ga canji a takarda, ga shi kuma yana girma. Masu goyon bayan jakar suka juya hujjar: ai bogin ba bogi ba ne, 1.3 ɗin ma magani ne. A gaskiya maganar ba shirme ba ce gaba ɗaya, domin ɗan matsin yana taɓa jiki. Amma a wurin aikinmu, idan muka gwada sabon gyara da tsohon tsari suka fito kunnen doki, ba ma shelar cewa duka biyun sun yi nasara. Sabon gwaji muke tsarawa da zai raba gardama, kuma nauyin yin sa yana kan mai sayarwa. A batun otizim an yi: wani bincike na 2009 a 1.3 ya ba da labari mai daɗi, wanda ya biyo baya a 2010 bai ga bambanci ba, kuma tun 2013 FDA take gargaɗin cewa ba a tabbatar da jinyar ga otizim, kansa ko ciwon suga kansa ba.

Wanda duk da haka ya yanke shawarar shiga, ga abin da zai tarar. Za a ce ya sa kayan auduga, ya ajiye ashana, laita da duk abin da ke da batir, kada ya shafa turare ko mai. Zai kwanta, a ja zif, injin ya fara ruri. A mintuna biyar zuwa goma sha biyar na farko jakar za ta ɗaure tamau, ciki ya ɗan yi ɗumi, kunne ya toshe kamar a jirgin sama lokacin sauka, ko a mota idan ana gangarowa daga Jos. Haɗiye yawu, hamma, ko toshe hanci a hura a hankali suna buɗe shi. Idan toshewar ta zama zafi, a yi magana a dakatar, jurewa na iya raunata dodon kunne, kuma wannan shi ne lahanin da aka fi samu. Daga nan sai kwanciya ta awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Da yawa barci suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne su fito suna jin daɗi. Lokacin sakin iska ciki zai yi sanyi, kunne ya yi ɗan ƙara. Mai tsoron ƙuntataccen wuri zai sha wuya. A bakin ƙofa kuma sau da yawa za a gaya masa cewa zama ɗaya ba ya isa, sai ashirin ko arba'in, kuma a nan kuɗin yake.

Mai mura ko ciwon kunne ya bari sai ya warke. Wanda iska ta taɓa tsere wa daga huhu zuwa ƙirji, ko mai tsohon ciwon huhu, kada ya shiga sai likita ya duba shi. Mai ciwon suga ya auna kafin da bayan zama, don sugan na iya faɗuwa. Dokar hana wuta kuwa ba tsirfa ba ce. A 1997 gobara a ɗakin matsi na wani asibiti a Milan ta Italiya ta kashe mutum 11, kuma a farkon 2025 wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a irin wannan gobara a jihar Michigan. Waɗannan ba jakunkunan zif ba ne, amma duk inda aka tara oksijin ƙa'idar ɗaya ce.

Akwai cuta ɗaya a jerin asibiti da ta shafe mu kai tsaye. Duk shekara muna jin labarin iyalin da suka kwana da janareta a kusa da ɗaki, ko suka shigar da kaskon gawayi lokacin hunturu suka rufe taga, aka wayi gari babu mai motsi. Gubar kabon monoksaid ce, ba ta da wari, tana kama jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar oksijin. A iskar waje jiki yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabinta. Da oksijin zalla ta takunkumi lokacin yana dawowa kimanin awa ɗaya da 'yan mintuna, a ɗakin ƙarfe mai matsi kusan 3 kuma wajen minti ashirin da 'yan kai. Jakar zif ba ta cikin wannan lissafi. Wanda aka tarar a irin wannan hali, a fito da shi sarari, a buɗe ƙofofi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa mai tukunyar oksijin, a kuma gaya wa likita tun daga ƙofa cewa hayaƙi ya shaƙa.